Mai Dalilin Aure Ya Rungume Amarya

Bakano: Salama, 'yan sinadarai. Yau za mu kara da waƙa kan hanyoyin haɗa kiton, wato wani dangin sinadarai mai ɗauke da kabon da oksijin, amsa-amo "wa".

Friedel da Crafts a Faris sun yi bajinta,
Tun 1877 ake yabawa.
Zuba benzin, kawo asetil kulorayid,
Alminiyam kulorayid ke haɗawa.
Asetofenon ya fito da ƙamshinsa,
Tsohon hannu ba ya gazawa.

Ɗan Zazzau:
Bakano, kasuwa ta cinye kanka,
Wannan ne katalis da kake kurantawa?
Mai dalilin aure in an shafa fatiha,
Takalmi yake ɗauka, gida yake komawa.
Naka kuwa sai ya rungume amarya,
Sai an kwara ruwa yake sakewa.
Mudu da mudu ake zuba shi har da gyara,
Wannan ci ne, ba taimakawa.

'Yar Maraɗi: Kai! Allah ya ƙara basira, Malam. Katalis shi ne sinadarin da ke hanzarta haɗuwa ba tare da ya ƙare ba, a nan kuwa oksijin ɗin da ke jikin kiton ne ke kama alminiyam ya hana shi sake aiki, amma ban taɓa jin an faɗe shi da daɗi haka ba. Kano ta sha ƙasa.

Ɗan Zazzau: Ban gama ba, ƙanwata. Ga tawa hanyar, mai sunan kamfanin Wacker, da ke farawa da alkin, wato sinadari mai ɗauri biyu tsakanin kabon da kabon.

Ni Wacker nake yi, ga shi ya yi kama da waƙa,
Daga Jamus, 1959 aka bayyanawa.
Faladiyam ɗan mitsitsi ya isa aiki,
In ya suma, jan ƙarfe ke farfaɗarwa.
Tsuji na Japan ya ɗora kan alkin na ƙarshen sarƙa,
Metil kiton yake bayarwa.

Bakano:
Na ji mai katalis ɗan sarauta,
Faladiyam ba a rumfa ake sayarwa.
Giram guda ya haɗiye cefanen mako,
Bazazzagi, da me za ka biyawa?

Malam Aruli: Ku dakata. Bakano, karanta ɗangonka na biyu da baki. Shekarar nan kaɗai ta fi baiti tsawo, numfashi ya ƙare kafin a kai "yabawa". Kai ma Ɗan Zazzau, ɗangon Tsuji yana jan ƙafa kamar jakin da aka yi wa lodin mangala biyu. "Biyawa" kuma wace Hausa ce?

Bakano: Malam, lamba ba ta shiga awo, da ido ake karanta ta.

Malam Aruli: Waƙar da ba ta reruwa lissafi ce, yaro.

'Yar Maraɗi: Ai dama Malam ya fi sassauta wa Kano. Laifi uku na ƙirga a can, biyu ya faɗa.

Malam Aruli: Kawo na ukun in gani.

Baba Katsina: Kwana biyu ba caji, ku yi haƙuri. Tawa hanyar da alkayin take farawa, wato mai ɗauri uku tsakanin kabon da kabon.

Yara kuna ta faɗa kan sabon yayi,
Kucherov na Rasha kun yi mantuwa.
Alkayin da ruwa da gishirin zaiba,
Kiton ya faɗo ba wahalarwa.

Ɗan Zazzau:
Baba, da girmanka, ajiye zaiba,
Minamata ta Japan har yau ana tunawa.
Masana'anta ta zubar da ita a teku,
Masu cin kifi suka yi ta mutuwa.

Bakano: A Minamata asetaldehayid ake yi, ba kiton ba. Ka fita daga layi.

Ɗan Zazzau: Zaibar dai ɗaya ce. Ina baitinka?

'Yar Maraɗi: Malam, na ukun: "bajinta" da "kulorayid" ba su auna daidai ba. Ƙirga gaɓoɓin.