A Kai Bikin Dubai Ko A Yi Shi A Gida? Muhawarar 'Yan Uwa Bayan Sa Rana

Yaya Babba: Assalamu alaikum. Tunda an sa rana, bari in faɗi abin da ke raina kafin a fara kama wurin taro. Ni a ganina a ɗauki bikin nan gaba ɗaya a kai shi Dubai. Angon a can yake aiki, yana da takardar zama, gidan da amarya za ta zauna ma can yake. Mutum talatin daga wajenmu, talatin daga nasu, a ɗaura aure, a yi walima, a kai ta ɗakinta, a dawo. Na tsaya a kan cewa wannan ya fi bikin Kano sauƙin kuɗi, ya kuma fi shi kwanciyar hankali. Kowa ya san yadda ake yi yanzu: kamu, sa lalle, yini, dina, buɗar kai, kowanne da wurinsa da abincinsa da ankonsa, sannan waɗanda ba a gayyata ba su fi waɗanda aka gayyata yawa.

Gwaggo: Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin a zo maganar kuɗi, rubuto min sunayen mutum talatin ɗin in gani. 'Yan ɗakin kakarku kaɗai da 'ya'yanmu mun haura haka. Wa za ka cire? Kuma wa zai je ya faɗa masa an cire shi?

Yaya Babba: Gwaggo, Allah ya ƙara girma, ai ba cirewa ba ce. Wanda bai samu zuwa ba sai a haɗa shi ta bidiyo ya kalla.

Gwaggo: Ta bidiyo zan sa mata lalle? Ta bidiyo zan riƙe hannunta in shigar da ita ɗaki? Yarinyar nan a bayana ta girma.

Baffa: Ku bar ni da ɓangaren kuɗin, tunda ni ke zirga-zirgar Deira, unguwar kasuwanni a Dubai, sayo kaya. Maganar arha ba ta tsaya ba, kuma ga dalili. Kuɗin Dubai, dirhami, a ɗaure yake da dala, kusan 3.67 a dala ɗaya, ba ya motsi. Naira ce ke motsi. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Da aka saki naira a watan Yunin shekarar, kafin a yi nisa cikin 2024 dala ta haura naira 1,500. Ke nan duk abin da za ka biya a can, ɗakin otal, motar haya, farantin abinci, mai hoto, ya ninka sau uku da ɗoriya a aljihunmu ba tare da su sun ƙara ko kwabo ba. A Kano kuwa shinkafa da sa da kujeru da naira za ka saya. Sun yi tsada, ban musa ba, amma ba tsadar dala ba ce.

Sai jirgi. Daga Kano babu wanda zai kai ka Dubai kai tsaye. Ko ka bi ta Addis Ababa, ko ta Alkahira, ko ka gangara Legas. Ka ɗauki kuɗin tikitin mutum ɗaya ka ninka sau talatin, ka ɗora biza sau talatin, ka ɗora fasfo ga waɗanda nasu ya mutu ko bai kai sauran wata shida ba. Ba a ci ko loma ɗaya ba tukuna. Lokacin da garin ke da daɗin zama, daga Nuwamba zuwa Maris, shi ne lokacin da otal ke kan ganiyar tsada. In ka ce ka gudu zuwa Yuli ko Agusta don sauƙi, zafi na haura digiri 40, tsofaffinmu ba za su iya leƙa waje ba.

Yaya Babba: Baffa, ai ba mu za mu biya wa kowa ba. Wanda zai je ya sayi tikitinsa, mu mu ɗauki masauki da abinci.

Baffa: To ka ga inda arhar taka ta fito. Kuɗin bai ragu ba, ka dai sauke shi daga kanka ka ɗora wa baƙi. Kuma da ka yi haka, ba kusanci ne zai zaɓi wanda zai halarta ba, aljihu ne zai zaɓa.

Anti ta Manchester: Ni dai ina bayan Yaya, kuma ina roƙo a saurare mu da kyau. Mu da ke waje mu ma dangi ne. Ni da yara uku zuwa Kano ba ƙaramin abu ba ne, ga hutun makaranta da ba ya jiran kowa. Ƙanin ango yana Malesiya yana karatu, yayarsa tana Jidda. Dubai ta fi zama tsakiya gare mu duka. Sannan a faɗi gaskiya game da bikin gida. Na ga uwar amarya da ta fito daga biki da bashin da ta shekara tana biya, don kawai kada a ce abinci bai isa ba. Na ga amarya da aka yi ta ja daga wannan taro zuwa wancan har ranar kai ta sai da aka ƙara mata ruwa. Ga 'yan uwan da za su taso daga Gusau da Birnin Gwari a kan hanyoyin da kowa ya san halinsu. Wannan ma nauyi ne, ba a dai saba lissafa shi ba.

Gwaggo: Na ji ki, 'yata, kuma maganar bashi gaskiya ce. Amma maganinta a rage bidi'o'in da aka ƙirƙiro, ba a gudu da bikin ba. A zamaninmu ina dina? Ina anko kala huɗu? Kuma akwai abin da ku yara ba ku gani. Uwarku shekara da shekaru tana kai gudummawa gidajen mutane, atamfa, kwanuka, kuɗi, wani lokaci da guminta a bakin murhu. Matan nan suna jiran ranar da za su rama mata. In kuka tafi Dubai kun hana su, kuma ba za su ce komai ba, sai dai gobe in nasu ya tashi ba za su aiko ba. Zumunta a ƙafa take.

Auta: Tambaya nake da ita. Bizar ma tabbas ce? Na tuna an taɓa rufewa.

Baffa: An rufe. Daga ƙarshen 2022 Daular Larabawa ta daina ba 'yan Najeriya biza, jirgin Emirates ma ya daina zuwa. Sai a Yulin 2024 aka sanar da buɗe biza, jirgin kuma ya dawo Legas ranar 1 ga Oktoba na shekarar. Kusan shekara biyu ke nan. Da aka buɗe ma ba kamar da ba ce, ana duba takardun banki sosai, kuma samari da 'yan mata su suka fi shan wuya. Ka ƙaddara ka biya kuɗin wurin taro, sannan bizar waliyyi ko ta uwar amarya ta ƙi fitowa. Otal ba ruwansa da wannan, abin da ke cikin yarjejeniya shi zai bi.

Auta: To in dai wurin shaƙatawa ake so, me ya sa sai Dubai? Ruwanda ba ta neman biza daga 'yan Afirka. Zanzibar kuma garin Musulmi ne, ga teku, abinci ba abin shakka.

Yaya Babba: Auta, ba yawon buɗe ido nake nema ba. Dubai na ce saboda can za ta zauna. Akwai ma wata fa'ida da ba a ambata ba. Kafin ya samar mata takardar zama a matsayin matarsa, sai ya gabatar da shaidar aure da hukumominsu suka amince da ita. In a nan aka ɗaura, takardar sai ta bi ta Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, ta bi ta ofishin jakadancinsu, a fassara ta da Larabci, a sake buga mata hatimi a can. In a kotunsu aka ɗaura, an tsallake wannan wahalar duka.

Baffa: Wannan kam hujja ce, na karɓa. Amma wahalar takarda ɗaya ce, mutum ɗaya zai bi ta. Ba ta kai a kwashi mutum sittin a jirgi ba. Kuma kotun tasu ma tana da nata sharuɗɗan: gwajin lafiya a asibitin da suka yarda da shi, waliyyi ya halarta ko ya ba da wakilci a rubuce, da shaidu biyu. Gwajin ma ba za a guje masa a nan ba, tun 2024 dokar Kano ta wajabta shi kafin aure.

Kawu Malam: Na karanta duka. Bari in raba abu biyu da ake cakuɗawa. Ta fuskar inganci, aure ba ruwansa da ƙasa. Waliyyi, sadaki, shaidu biyu adilai, da siga, in sun cika aure ya ɗauru, a Kano ne ko a Dubai ko a cikin jirgin ruwa. Don haka kada wani ya ce wa yaron nan ya zo da haram. Bai zo da shi ba.

Amma walima tana da manufa, kuma a nan nake da magana. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Abdurrahman ɗan Aufu ya yi walima ko da da akuya ɗaya. Ka ga ba yawa aka nema ba, wannan yana goyon bayan masu cewa a rage. Sai dai kuma ya tabbata a Bukhari da Muslim daga Abu Huraira cewa mafi sharrin abinci shi ne na walimar da ake kiran mawadata a bar matalauta. Ɗana, ba na zarginka da niyyar haka, na san zuciyarka. Amma walimar da sai mai fasfo da biza da kuɗin jirgi zai ci, ko ba a yi niyya ba ta tace mutane. Ladanin masallacinmu ba zai ci ba. Matar da ta yi rainonku ba za ta ci ba. Almajiran ƙofar gida ba za su ci ba. Kuma an so a bayyana aure a inda aka san yarinya, maƙwabta su shaida ta fita daga gidan ubanta da mutunci.

Anti ta Manchester: Allah ya gafarta Malam, to in an yanka sa a gida an raba wa unguwa a ranar, mu kuma muna can, ba a cika manufar ba?

Kawu Malam: An samu ladan ciyarwa, babu shakka, kuma ya fi a bari. Amma aika wa mutum abinci daban, kiransa ya zo ya zauna da kai daban. Na biyun shi ke gaya masa cewa shi naka ne.

Yaya Babba: Kawu, ban ƙi ba. Abin da ke damuna shi ne duk shekara ana cewa za a rage, ba a ragewa. Da an fara sai wannan ta ce ba a yi mata kamu ba, wancan ya ce abokan ango na son dina. Ni na ɗauki nauyin bikin nan tun rasuwar Abba, kuma na san abin da ke hannuna. Nisa ne kaɗai na ga yana iya tsayar da mutane.

Gwaggo: Allah ya jiƙan ɗan'uwana. Da ka faɗi haka tun farko, ɗana. In tsoronka ke nan, ni zan tsaya. Ba dina, ba anko sai ɗaya, kamu da sa lalle a haɗa su rana ɗaya a tsakar gida. Duk wadda ta yi ƙorafi a turo ta wajena.

Amarya: Ku yi haƙuri in sa baki. Yaya, na gode da duk abin da kake yi, Allah ya saka. Gaskiya da farko Dubai ta burge ni, na kuma gaji tun yanzu da tunanin taruka. Amma Hajiya Kaka ba za ta iya zaman jirgi ba, ko Umara ta daina zuwa saboda ƙafarta. Ba na son a ɗaura min aure a inda ba za ta sa min albarka da hannunta ba. Kuma ina so a ɗaura a masallacin da Abba yake salla. Abin da nake roƙo kawai, kada a ja ni taro biyar. In za a yi yadda Gwaggo ta ce, na yarda.

Anti ta Manchester: To shi ke nan, mai abu ta yi magana. Ni har yanzu ina ganin ana raina wahalar bikin gida, kuma ina tsoron alƙawarin ragewa ba zai kai ranar ba. Amma zan zo, ko ni kaɗai ba yara. Sharaɗina ɗaya: a bar mutum huɗu ko biyar su raka ta Dubai, a yi 'yar ƙaramar walima can don abokan aikinsa da danginsa na waje. Kada ta sauka garin da ba ta san kowa ba ita kaɗai.

Baffa: Wannan mai yiwuwa ne, kuma in bizar wani ta makale ba abin da ya rushe. Amma a nemi bizar kafin a biya kuɗin komai a can, tikiti kuma a sayi wanda ake iya canza masa rana.

Yaya Babba: Ban sauka daga maganata ta kuɗi ba tukuna, Baffa. In aka bar bikin Kano ya tafi yadda ya saba, wallahi zai iya cin abin da ya fi na Dubai. Zan rubuto lissafi biyu, na can da na nan yadda Gwaggo ta tsara, kowa ya gani da idonsa.

Baffa: Rubuto, amma ka sa tikitin baƙi a cikin na can, ko wa zai biya. Ka turo kafin Juma'a, don ranar Asabar zan je wajen iyayen ango, kuma ina so in je da magana ɗaya.

Gwaggo: Auta, ki zo gobe da safe ki kai ni wajen Umma. Ba ta ce komai a nan ba, kuma ba za a yanke ba sai na ji ta bakinta.