Wa ya taɓa ba ɗalibai binciken gaske a kwas ɗin bayoinfomatiks (nazarin bayanan ƙwayoyin gado da kwamfuta)?

Malama, Unguwar Dosa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Zangon da ya wuce na ajiye tsohon tsarina na rubuta ma'anar GenBank (rumbun jerin DNA na intanet) da BLAST (manhajar nemo jeri masu kama da juna) a allo, yara su haddace su zubo min a jarrabawa. Na kasa 'yan aji uku rukuni-rukuni, kowanne na ba shi tambayar da ni kaina ban san amsarta ba, suka ƙare zangon a kanta. Wanda ya taɓa gwadawa, ko aka gwada a kansa, ya ba mu labari.

Malam, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam Malama. Ni da sammore na fara, tunda ga cibiyar binciken ciwon barci da sammore nan a Unguwar Rimi, Kaduna, kuma tun 2005 aka wallafa kundin ƙwayoyin gadon Trypanosoma brucei, ɗaya daga cikin ƙwayoyin cutar da ke jawo sammore. Na sa su ɗauko jerin DNA na brucei da 'yan uwanta congolense da vivax daga NCBI, cibiyar Amurka mai kula da GenBank, su jera a manhajar MEGA, su fitar da bishiyar dangantaka. Akwai wani yaro daga wajen Kachia, ɗan makiyaya, a bencin baya yake zama, ban taɓa jin muryarsa ba. Ranar da bishiyarsu ta fito, vivax ta ware reshenta can gefe, sai ya ɗaga hannu: "Malam, to wacce ce ta rame mana shanu?" Na ce masa sai an ɗebi jininsu an gwada. Shi ya jagoranci rukunin har ƙarshe, yanzu furojet ɗinsa ma a kan wannan ne.

Ɗalibar aji huɗu, Barnawa:
Malamai ku ji ta bakinmu. Mu biyar muke kan laftof ɗaya, ana ɗauke wuta sai mu koma waya, data kuma karo-karo. Kwana biyu muka yi fayil ɗinmu ya ƙi buɗuwa, ashe alamar > ta farkon layin FASTA, wato tsarin rubuta jerin DNA a fayil, muka goge. Amma da idona na ga inda amino asid K ta koma T a gurbi na 76 na PfCRT, wani furotin na ƙwayar maleriya, canjin da ya sa kulorokwin ta daina cin ƙwayar zazzabin cizon sauro. Sai da na kira mamana na yi mata bayani, don ita har gobe tana tambayar ina kulorokwin ta tafi.

Malam, Kawo:
Ni fa na sha wuya. Ajina ya fi ɗari biyu, kuma a kowane rukuni mutum biyu ke aiki, saura su sa suna. Masu kawo misalin SEA-PHAGES na Amurka, shirin da ke sa ɗaliban jami'a binciken gaske, su tuna can akwai ɗakin gwaji da masu taimaka wa malami. Ban daina ba dai. Yanzu kowa na da littafinsa da yake rubuta abin da ya yi da lambar kowane jerin da ya ɗauko, in kira shi minti biyu ya yi bayani da baki. Tsoffin ɗalibaina biyu da suka yi kwas ɗin H3ABioNet, haɗakar masana bayoinfomatiks na Afirka, ta intanet ke taya ni zagayawa.

Malama, Unguwar Dosa:
Malam na Kawo, littafin nan maki nawa kake ba shi a cikin CA? Ina so in kai maganar taron sashe kafin a fitar da jadawali.