Neman shawara: sunayen ƙasashe da koguna suna rikita ni a Jamusanci

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina matakin A1, wato matakin farko na koyon Jamusanci, ina haddar kalmomi ta jimlolin taswira. Na rubuta "Ich fahre nach Schweiz" da "Köln liegt an die Rhein", malami ya ja wa duka biyun jan biro. Ina kuskuren yake? Kuma yaya zan tsara haddar?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Yawancin ƙasashe ba sa ɗaukar der, die ko das (kalmomin da ke nuna jinsin suna): Deutschland, Frankreich, Nigeria. Su ne ke tafiya da nach, kamar "Ich fahre nach Deutschland". 'Yan kaɗan ne ke ɗauka: die Schweiz, die Türkei, der Sudan, der Tschad, der Iran, sai die USA da die Niederlande da ke jam'i. Waɗannan kalmar "in" suke so, ba nach ba. In zuwa za ka yi, sai siffar da ake kira Akkusativ, inda der ke komawa den: "Ich fahre in die Schweiz", "in den Sudan". In kana can zaune, sai siffar Dativ, inda die ta mace ke komawa der, der kuma dem (in da dem su zama im): "Ich wohne in der Schweiz", "im Sudan". Aus (daga) kuwa kullum Dativ take ja: aus der Türkei, aus dem Tschad, aus den USA. Ka haddace kowace ƙasa da jimla uku, ta zuwa, ta zama da ta fitowa.

Amsa ta biyu: Ta Köln ɗin, kuskure biyu ne a wuri ɗaya. Rhein namiji ne, der Rhein. Sannan liegen zama yake nunawa, don haka Dativ: "an" da "dem" su haɗe su zama "am", "Köln liegt am Rhein". Kunnen Bahaushe ya saba da "Jamus ta ce", "Kano ta cika", shi ya sa hannu ke saurin rubuta die. A kiyaye. Kogunan Jamus mata sun fi yawa: die Donau, die Elbe, die Weser, die Oder. Mazan da za ka fi haɗuwa da su: der Rhein, der Main, der Neckar. Garuruwa biyu masu suna ɗaya sun ishe ka misali: Frankfurt am Main da Frankfurt an der Oder.

"Münden in" (kwarara cikin) da "grenzen an" (yin iyaka da) kuma Akkusativ suke ja: "Der Rhein mündet in die Nordsee", "Die Donau mündet ins Schwarze Meer", "Deutschland grenzt an die Schweiz". Jamus tana da maƙwabta 9, ga jimla 9 nan a kyauta.

Amsa ta uku: Malam, a ƙara masa tarkon See. Der See tafki ne, der Bodensee, der Tschadsee. Die See teku ce, die Nordsee, die Ostsee. Haɗaɗɗiyar kalma jinsin gaɓar ƙarshe take bi.

Wajen tsari, jimla 5 a rana ta isa. Ka zana taswirar jihohin Jamus 16 ba suna, ka nuna wuri da yatsa, ka faɗi jimlar da baki kafin ka rubuta. Ka kuma raba im Norden da nördlich von: Hamburg tana cikin ƙasar, "liegt im Norden Deutschlands", Denmak tana waje, "liegt nördlich von Deutschland".