Wa ya rubuta waƙar, mai baiti ko mai kiɗa?

Mai Studiyo Sabon Gari: Jama'a abin nan ya ishe mu. Mawaƙa biyu su zo haɗin gwiwa, ɗaya da amshi, ɗaya da baiti. Mai kiɗa ya sa gudun waƙa a bugu 96 a minti, ya yanka amshi gaɓa 8, baiti gaɓa 16, ya ɗauki muryar gwaji, ya ce wannan layin ya yi tsawo a rage kalma biyu. Waƙa ta fito, sunan mutum biyu kawai. Alhali rabin waƙar mai kiɗa ne ya rubuta ta.

Ɗan Birni: Malam, "rubuta" fa ka ce? Wanda ya jera ganga a manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio bai rubuta komai ba. Tsarawa ya yi.

Mai Studiyo Sabon Gari: Wanda ya cire kalma daga baiti fa?

Ɗan Birni: Tela da ya rage hannun riga ba shi ya saƙa yadin ba.

Baba Mai Kalangu: Yara, ku duka kun ɓata. Makaɗan fadar Damagaram wa ya gan su da takarda? Jagora ya ɗauko ɗango, 'yan amshi su karɓa, in bai zauna a kan kiɗa ba su gyara shi nan take. Waƙa yin ta ake, ba rubutawa ba.

Hajiyar Zango: Baba, ranka ya daɗe, amma yau in za a kai waƙa BNDA, hukumar kare haƙƙin masu fasaha ta Nijar, a yi rajista, sai an bambance mai kalmomi da mai kiɗa, don a kan haka ake raba haƙƙi. Shi ya sa ake son a sa hannu kan rabo kafin a kunna makirfo.

Ɗan Birni: Yawwa Hajiya. Mai kalmomi shi ne marubuci.

Hajiyar Zango: Kar ka sa mini magana a baki, ƙanena. Mai karin waƙa ma yana da kaso.

Injiniya Garin Malam: Tunda an taɓo kalangu, nan ne haɗin gwiwa ke lalacewa. Kalangu ana matsa tsarkiyarsa a hammata, sautin ya hau ya sauka, ba ya tsayawa a maki ɗaya. In aka fara ɗaukar fiyano aka kulle Auto-Tune, manhajar daidaita murya, a kai, sannan aka kawo makaɗi, murya da fata sai su yi ta faɗa. A fara da kalangu, makirfo kamar taƙi ɗaya daga fatar, a kashe fanka, sannan a nemo makin fiyano daga gare shi.

Baba Mai Kalangu: Kuma da damina fata kan saki. A bar ta ta sha rana tukuna.

Mai Studiyo Sabon Gari: A'a. A fara da kalangu ba tare da ƙararrawar awo mai ƙirga bugu a kunne ba, gudu zai yi ta yawo, baitin baƙon mawaƙi ba zai hau ba. Balle in daga nesa zai aiko. Ya turo ta saƙon murya na WhatsApp, an matse sautin, gyara ba ya yi. WAV ake so, wato sautin da ba a matse ba, murya tsirara ba amo, daga farkon waƙa, a turo a matsayin fayil. In shi ya ɗauka a ma'aunin ɗaukar sauti na 48 kHz kai kana 44.1 kuma manhaja ba ta juya ba, muryar za ta ja baya ta yi kauri.

Ɗan Birni: Shi ya sa masu hankali ke kai haɗa sauti Kano.

Injiniya Garin Malam: Kano me? Amshi sau uku ake ɗauka, ɗaya tsakiya, biyu dama da hagu, ko a Kano ko a Zinder. Kunne ne, ba gari ba.

Ɗan Birni: To me ya sa naku amshin ke nutsewa ƙarƙashin ganga?

Injiniya Garin Malam: Saboda mawaƙanku suna manna baki a makirfo, sauti ya fashe tun wurin ɗauka.

Hajiyar Zango: Maganar suna a kan waƙa fa?

Ɗan Birni (shugaban zaure): Zan rufe. Abin da aka cimma: marubuci shi ne mai kalmomi, kamar yadda Hajiya ta tabbatar. Baba ya yarda kiɗa bin waƙa yake. Batun Kano ba a kawo hujjar da ta karya shi ba. Mai Studiyo, a yi haƙuri.