Filin ƙwallo ne ya riga zuwa, to wa zai biya ɓarnar?

Baban Walid: Salamu alaikum jama'a. Maganar da Koci ya yi jiya a bakin masallaci ce ta tsaya min a rai, wai duk wanda ya tarar da filin ƙwallo ya zo ya yi gini a gefensa to ba shi da bakin magana in ƙwallo ta yi masa ɓarna. Ni gidana a bayan golan gabas yake, katanga ɗaya ce tsakanina da filin firamare, farantin sola an tsaga min, gilashin tagar ɗakin yara ya tafi, kwanon rufi duk ya lotsa ga damina ta kama yana yoyo, kuma in na yi magana sai a ce ai fili ya girme ni a unguwar. Don Allah a wane littafi aka rubuta haka?

Koci: Alhaji da girmanka, ban faɗa don raini ba. Amma tun muna yara muke buga tamaula a filin nan, lokacin wajen gidanku duk gona ce. Da za ka sayi fulotin da idonka ka ga gola ka ga raga. Wanda ya kai rumfarsa bakin kasuwa ai ba zai ce hayaniya ta dame shi ba

Hajiya Mai Kanti: Hayaniya daban, asara daban Koci. Ni firjin lemona da ke ƙofar shago aka fasa min gilashinsa, yaran suka watse ko sannu babu, da yamma sai ga ƙaramin cikinsu an turo shi wai a ba shi ƙwallo. Na riƙe ta kuma har yanzu tana wajena

Ɗan Lamba Tara: Hajiya wallahi ƙwallon nan karo-karo muka yi muka saya, kuma babu wanda yake saita gidan mutum da gangan, shot ne ya tashi sama. Ku dai so kuke a rufe filin kamar yadda aka yanka na sauran unguwanni aka yi shaguna, in an rufe ina za mu je? Gobe ku ne za ku ce samari sun koma shaye-shaye da ƙwacen waya

Baban Walid: Ɗana ban ce a rufe ba, Walid ma a nan yake wasa. Cewa na yi wa zai biya

Barista: Bari in sa baki, don wannan gardamar an taɓa yin irinta sak a Ingila har ta kai kotun ɗaukaka ƙara a 1977, shari'ar da ake kira Miller da Jackson. Wani ƙauye ne a yankin Durham, kulob ɗin Lintz sun shafe kusan shekara 70 suna wasan kurket a filinsu, sai a 1972 aka gina sababbin gidaje a gefen filin, wani mutum da matarsa suka sayi ɗaya. Ƙwallon kurket kuma ba irin tamu ba ce, ƙarama ce mai tauri, in ta sami mutum a ka sai asibiti. Ta dinga faɗawa gidansu tana fasa taga da rufi har matar ta daina zama a tsakar gida in ana wasa. Kulob suka ɗaga shinge ya kai kusan ƙafa 15, suka ce za su biya duk abin da ya lalace, duk da haka ƙwallo ba ta daina tsallakawa ba. Alƙali uku suka zauna. Lord Denning ya tsaya kan maganar Koci, cewa su masu gidan su suka zo suka tarar da fili. Sauran biyun suka ce a'a, riga zuwa ba ya ba ka lasisin yi wa maƙwabci ɓarna, kulob na da laifi. Amma da aka zo maganar a hana wasan, biyu cikin ukun suka ƙi, suka ce amfanin jama'ar ƙauyen ya fi, a biya diyya fam 400 a ci gaba da wasa

Koci: To ka gani, ba a rufe fili ba

Barista: Ba a rufe ba amma an biya Koci, rabin hukuncin ka ɗauka. Kuma akwai wata tsohuwa ta 1951, Bolton da Stone, ƙwallo ta fito daga fili a Manchester ta sami wata mata a kan titi, kotun ƙoli ta lokacin ta ce kulob ba su da laifi saboda a cikin shekara 30 bai fi sau shida ƙwallo ta taɓa fita haka ba. Wato abin da ake dubawa yawan faruwar abin ne da kuma ko an ɗauki mataki. Filinku kusan kullum ƙwallo sai ta tsallaka, kowa ya sani, kuma ko waya ɗaya ba a ɗaura ba. Hukuncin Ingila ba dole ba ne a kan alƙalanmu amma suna dubawa su ɗauki haske

Abu Hanan: Mu bar Turawa mu dawo namu. Ai a Muwaɗɗa akwai hadisin taguwar Bara'u ɗan Azib da ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, Manzon Allah SAW ya hukunta cewa masu gona su ne da tsaron gonarsu da rana, abin da dabbobi suka ɓata da dare shi ne masu su za su biya. To ƙwallo da rana ake bugawa, kenan mai gida shi zai kare gidansa, ya sa waya a tagarsa. Allah gafarta Malam ko ba haka ba?

Malam: Hadisin haka yake amma ƙiyasin bai hau ba. Dabba da ƙafarta take tafiya, kuma da rana ake sakinta kiwo shi ya sa aka ce mai gona ya kula. Ƙwallo ba ta tashi da kanta, ƙafar mutum ce ta aika ta. Abin da malamanmu na Malikiyya suka tafi a kai shi ne a dukiyar mutane ganganci da kuskure ɗaya ne wajen biya, bambancin a zunubi yake, wanda ya yi kuskure ba shi da alhaki amma zai biya. Sannan ga hadisin la darara wa la dirar, ba cuta ba cutarwa, shi ma yana cikin Muwaɗɗa, kuma ya hau kan kowa. Ya hau kan masu wasa, ya hau kan mai gidan da zai sa wuƙa ya farke ƙwallon yara don haushi, shi ma sai ya biya. Hajiya ke ma ki mayar musu da kayansu, haƙƙinki na nan ba zai faɗi ba

Hajiya Mai Kanti: To Malam na ji zan bayar, amma a hannun Koci a gaban mai unguwa, ba a turo min yaro ba

Ɗan Lamba Tara: Matsalar in mutum 22 na cikin fili wa za a kama, wanda ya buga ko golan da ya ture ta sama? Kuma yawancinmu ko aiki ba mu da shi, kuɗin sola ina za mu gan shi

Baban Walid: Shi ya sa ba yaro nake bi ba. Lokacin gasar unguwa kowace ƙungiya tana biyan kuɗin rajista, ana saka kofi ana saka rago, masu neman kujera suna zuwa su raba jesi a ɗauki hoto. A cikin wannan kuɗin ba za a iya ware na mai walda ba ya kafa dogayen ƙarafa huɗu a bayan gola a ɗaura ragar waya? Ko ma a juya golan ya daina kallon gidaje, kudu da arewa ai ajujuwa ne da bishiyoyi

Koci: Juya gola ba zai yiwu ba, faɗin wajen bai kai ba kuma hedimasta ba zai yarda ƙwallo ta koma kan tagogin aji ba. Ragar waya na yarda. Amma tsakani da Allah ku ma masu gidajen layin ku sa hannu, don ƙarafan da za su tare shot sai sun yi tsayi sosai, kuɗin rajista kaɗai ba zai ɗauka ba. Maganar ɓarnar baya kuma ni har yanzu ban gamsu mu za mu ɗauke ta duka ba

Barista: Ta baya ita ce ba ta da gardama ma Koci. Raga ce za a iya cewa a haɗa hannu

Baban Walid: Ni zan ba da buhun siminti biyu na kafa ƙarafan. Taga da kwano na yafe saboda yaran unguwa ne, sola kam ban yafe ba, rasit ɗinsa na wajena zan zo da shi

Koci: To a haɗu gidan mai unguwa ranar Asabar bayan la'asar, zan zo da kyaftin ɗin kowace ƙungiya. Hajiya a taho da ƙwallon don Allah