Jarrabawar ma'aikatan agajin gaggawa: ku faɗa mana yadda kuka kwashe da ita

Sabuwar-Shiga

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na kammala kwas ɗin agajin gaggawa, jarrabawar samun lasisi ce ta rage mini, kuma hankalina ba a kwance yake ba. Karatu kam ina yi, amma duk sanda na zauna amsa tambayoyin gwaji sai in tarar da amsoshi huɗu, uku daga ciki duk daidai ne. Ga misali: mutum ya faɗo daga kan tsani, ba ya cikin hayyacinsa, yana minshari, jini na ɗiga daga goshinsa, ƙafarsa ta karye. A sa masa oksijin? A ɗaure ƙafar? A buɗe hanyar numfashi? A tsayar da jinin? Ai duk za a yi. Don Allah waɗanda suka riga mu zama ku faɗa mana abin da ya fi ba ku wahala. Wanda ya ci da wanda bai ci ba, duk muna son ji.

Mai-Ambulan

Wa alaikumus salam ƙanwata. Wannan da kika kawo shi ne jarrabawar gaba ɗayanta. An riga an san kin san abin da ake yi wa mara lafiya, abin da ake son gani shi ne wanne za ki fara, domin mutum na iya cikawa a hannunki kina tsaka da yi masa abin da yake daidai amma lokacinsa bai yi ba. Mutumin naki, minsharin nan shi ne labarin: harshensa ne ya koma baya yana toshe maƙogwaro. Tunda faɗowa ya yi, ba za ki lanƙwasa kansa baya ba, muƙamuƙinsa za ki turo gaba, abokin aikinki ya riƙe kan kada wuya ya motsa. Oksijin ɗin da za ki sa masa hanya na toshe, ta ina zai shiga? Karayar ƙafa kuma tana iya jira.

Amma da tambayar ta ce jini na tsartuwa daga cinyarsa yana malala a ƙasa, to lissafi ya canza. Shi za ki fara tsayarwa, ki danne da ƙarfi, in ya ƙi ki ɗaure da maɗauri sama da raunin, ki rubuta lokacin da kika ɗaure. Ni dabarar da ta fisshe ni, ina rufe amsoshin da tafin hannu, in karanta tambayar, in ce wa kaina: me zai fara kashe wannan bawan Allah? Sai na ba kaina amsa sannan in ɗaga hannu.

Ɗan-Dare

Ni ina cikin waɗanda suka faɗi, kuma na daɗe ina aiki a motar ɗaukar marasa lafiya kafin in zauna. Ranar da sakamako ya fito gwiwata ta yi sanyi, saboda yaran da nake nuna wa yadda ake ɗaura silindar oksijin sun ci, ni ban ci ba.

Da na natsu sai na gano inda matsalar take. A kan titi ku biyu ne ko uku, ɗaya na riƙe da kai, ɗaya na yanka riga, kai kana jin bugun jini, komai a lokaci guda. Hannu ya saba har ba ka san wanne ka fara ba. Ita kuwa takarda tana so ka jera su ɗaya bayan ɗaya. Sannan duk tambayar da na karanta sai ta tuna mini da wani da na taɓa ɗauka, sai in ƙara mata abin da ba a rubuta ba. Tambaya ta ce dattijo na ciwon ƙirji, ni kuma a raina na riga na ga gumi da amai, na amsa wa mara lafiyar da ke kaina, ba wanda ke kan takarda ba. Duk wanda ya riga ya fara aiki, ya kiyayi wannan sosai. Abin da aka ba ka kaɗai shi ne gaskiya, kuma ka ɗauka duk kayan da littafi ya ambata suna cikin motarka ko da a zahiri ba ka taɓa ganinsu ba.

Uwar-Biyu

Yaya Mai-Ambulan, na yarda da kai amma ba duka ba. Sanin abin da za a fara ba ya yiwuwa in ba ka haddace lambobi ba, musamman na yara. In aka ce mara lafiya na numfashi sau 40 a minti, a babban mutum tashin hankali ne, tunda nasa tsakanin 12 ne da 20. A jariri sabon haihuwa kuwa lafiya lau ne, nasa na kaiwa daga 30 zuwa 60. In ba ka san wannan ba, ta yaya za ka san wanda ke cikin haɗari?

Ɓangaren yara da haihuwa ne ya fi ɗaure mini kai. Wajen farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya, danna ƙirjin babba 30 ne da hura numfashi 2, ko kai kaɗai ne ko ku biyu. Yaro in ku biyu ne ya koma 15 da 2. Jaririn da aka haifa yanzu-yanzu 3 ne da 1, kuma in bugun zuciyarsa bai kai 100 ba numfashi ake fara taimaka masa da shi, sai in ya yi ƙasa da 60 duk da haka ake danna ƙirji. Lissafin ƙuna ma haka: kan babba kashi 9 ne cikin ɗari na fatar jiki, kan jariri 18.

Lambobin nan sun ƙi zama mini a kai har sai da na fara gwadawa a kan ɗiyata. In ta yi barci sai in ɗora hannu a cikinta, in kalli agogo, in ƙirga. Nan na ga da idona cewa jariri da ciki yake numfashi, kuma yakan yi sauri ya ɗan dakata ya ci gaba, shi ya sa ƙirgar daƙiƙa goma sha biyar ba ta isa a kansu. Tun daga nan lambar ta zauna. Abu ɗaya da nake roƙon kowa ya riƙe: yaro na iya zubar da jini mai yawa awon hawan jininsa bai sauka ba. Zuciya ce za ta yi ta gudu, hannu da ƙafa su yi sanyi. In ka jira sai awon ya faɗi, ka makara, a jarrabawa da kuma a zahiri.

Baƙo-a-Amurka

Ni a Amurka na zauna tawa, ta hukumar rajistar ƙasa da ake kira NREMT, kuma tsarinta na iya rikita mutum ko da ya yi karatu. A kwamfuta ake yi, awa 2, tambayoyi tsakanin 70 da 120. Kwamfutar ce ke zaɓo tambaya ta gaba gwargwadon yadda ka amsa ta baya: ka ci, ta ƙaro mai wuya, ka faɗi, ta sassauta. In ta gamsu da matsayinka, ko sama ko ƙasa, sai kawai ta rufe. Ba ka komawa baya ka gyara amsa.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne za ka riƙa jin kamar faɗuwa kake yi tun daga farko har ƙarshe, saboda kullum tana ajiye ka a bakin iyakar saninka. Tawa ta mutu ba zato, na fito jikina na rawa, na tabbatar wa iyalina na faɗi. Ashe na ci. Don haka adadin tambayoyin da aka tsaya a kai ba ya nuna komai. Wanda bai ci ba yana jiran kwana 15 ya sake, in ya yi sau uku bai samu ba sai ya koma ƙarin horo kafin a bar shi ya ƙara zama.

Malama Mai-Horo

Ina koyar da wannan kwas, ina kuma zama duba jarrabawar aiki da hannu, bari in faɗi abin da nake gani daga kujerata. Yawancin waɗanda nake kayarwa sun iya aikin. Bakinsu ne ke rufe. Ni ba na ganin abin da ke zuciyarka, abin da ka faɗa ko ka aikata shi nake yi wa maki. Ɗalibi zai shigo, idonsa ya zagaya ɗakin, na san yana duba ko akwai haɗari a wurin, amma bai furta ba, ya durƙusa kan mutum-mutumin da ake gwaji a kansa. A takardata akwai abubuwan da in ka tsallake su ka faɗi nan take ko da sauran duk sun yi kyau: safar hannu, tabbatar da wurin ba haɗari, da cewa kowa ya janye kafin ka danna na'urar girgiza zuciya da wutar lantarki.

Akwai wata ɗaliba da ba na mantawa. Yadda take danna ƙirji ya fi na kowa, zurfin santimita 5 zuwa 6, sauri tsakanin 100 da 120 a minti, tana barin ƙirjin ya dawo. Na'ura ta ce a girgiza, ta kai yatsa ta danna, alhali hannun mai taimaka mata na kan kafaɗar mutum-mutumin. Na ajiye biro raina ba daɗi. Wasu na cewa wannan tsanani ne, ni ban ga haka ba, domin ranar da abin ya zama gaske abokin aikinta ne wutar za ta kama.

Shawarata, ku riƙa atisaye da murya a sama, ku sa wani ya riƙe takardar maki ya tsaya a kanku yana kallo. Kallon nan shi ke sa hannu rawa, gara ku saba da shi tun a gida.

Mai-Haƙuri

Ni har yanzu ban ci ba. Ina aiki da dare, in dawo in buɗe littafi idona na rufewa. Kunya ta sa na daina gaya wa mutane ranar da zan zauna. Wani lokaci sai in ji kamar aikin nan ba nawa ba ne.

Ɗan-Dare

Ɗan'uwa, na san wannan kunyar, na ɗanɗana ta. Kada ka sake karanta littafin daga bango zuwa bango, shi ke cinye ƙarfin mutum. Ka zauna ka tuna ɓangaren da ya fi kayar da kai, ka tsaya a kansa. Ni na hanyar numfashi ne da na zuciya. Kuma duk tambayar gwajin da ka amsa, ko ka ci, ka faɗa wa kanka dalilin da ya sa sauran ukun ba su ne ba. Tambaya goma a haka kafin ka kwanta ta fi ɗari da ido a lumshe. In da hali ka nemi hutun daren da ke gaban jarrabawar, kada ka shiga da barci a ido. Allah ya ba ka sa'a.

Sabuwar-Shiga

Allah ya saka muku da alheri, na ƙaru ƙwarai. Malama, tambaya ɗaya da nake yawan faɗuwa: yaushe ake sa abin rufe hanci da baki na oksijin, yaushe kuma ake matsa jakar numfashi?

Malama Mai-Horo

Ki duba ko numfashin nasa na isar sa. Wanda ke numfashi da kansa, ƙirji na ɗagawa sosai, yana iya magana amma oksijin ɗin jininsa ya yi ƙasa, shi ake sa wa abin rufe hanci da baki mai 'yar jakar tara oksijin, lita 10 zuwa 15 a minti. Wanda numfashinsa ya koma sau 6 a minti, ko yana sauri amma sama-sama ƙirji ba ya motsi, leɓe ya fara shuɗi, hankali na gushewa, wannan ko kin buɗe masa oksijin har ƙarshe ba shi da ƙarfin jan shi. Ke za ki yi masa numfashin da jaka, matsa ɗaya duk daƙiƙa 6 ga babba, a hankali, daidai yadda za ki ga ƙirji ya ɗaga. Masu tsara tambaya suna son saka lambar numfashi mai kama da lafiya, kamar 14, sannan su ce ƙirjin da ƙyar yake motsi. Kada lambar ta ɗauke miki hankali, ki karanta abin da aka faɗa game da zurfin numfashin da kuma hayyacin mutumin kafin ki zaɓa.