Na goge wa Hajiya tsagarta a hoto, ta ce ba ta san matar ba

Mai Hoto na Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ina da ɗan shagon hoto a Zariya, shekara shida ke nan. Makon jiya wata budurwa ta kawo kakarta, Bagobira, a ɗauke su tare kafin bikinta. Da na zauna gyara a kwamfuta sai hannu ya yi abin da ya saba: na haska fata, na share tamoji, na dusashe tsagar kumatun tsohuwar har ta kusa ɓacewa. Jikar ta yi ta murna. Hajiya kuwa ta daɗe tana juya hoton, sannan ta ce, "Yaro, wannan mata kyakkyawa ce, amma 'yar gidan wa ce?" Wallahi jikina ya yi sanyi.

Da daddare na buɗe hotunan amaren da na yi bana. Hanci ɗaya, fata ɗaya, kai ka ce uwa ɗaya ta haife su. Kuma su ke cewa a fito da su fes. To jama'a, mai hoto zai nuna mutum yadda yake ne, ko yadda yake so a gan shi?

Baba Tsohon Ɗalibi:
Wa alaikumus salam. Ɗana, son fita da kyau ba yau ya fara ba. Seydou Keïta, wani mai hoto ɗan ƙasar Mali, ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, kuma yana ajiye da rediyo, agogon hannu, alƙalami, tabarau, har da babur, don mai son ɗauka ya ara. Wanda ko keke bai mallaka ba sai ya dafa babur ya ƙame. Mu ma a zamaninmu da aron hula muka ɗauki hoton sallah, ni tawa har kunne ta rufe min. Amma je ka duba hotunan nan nasa. Zanen da ya rataya a bango iri ɗaya ne a hotuna da yawa, kayan aron ma su ne dai, duk da haka ba za ka taɓa rikita wata da wata ba. Kowace da ɗaurin kallabinta, da yadda ta aje hannu, da irin kallonta. Shi ƙari yake yi wa mutum, fuskar kuwa ya bar wa mai ita. Kai ragewa ka yi. Tsagar nan ita ce sunan gidan su Hajiya, da ita ake gane ta a kasuwa tun ba a san katin shaida ba.

Maman Iman:
Baba, a gafarce ni, ban yarda duka ba. Ranar ɗaurin aurena ƙuraje uku suka fito min a goshi saboda rashin barci. Su ne ni? Kuɗina na biya, kuma ni zan rataye hoton a ɗakina. Ina da ƙawa mai bille, tun firamare ake tsokanarta da shi, ita da kanta take cewa a rage mata. Wa zai ce ta yi laifi? Kuskurenka ɗaya ne, Malam: mutum biyu ne a hoton, ka ji ta bakin ɗaya. Abin da zai warke cikin mako, goge abinka. Wushirya, haƙorin Makka, tabon sallah, tsaga, waɗannan sai ka tambaya.

Hasken fatar ne dai ke ba ni haushi. Ba mai roƙo ma, haka kawai ake mayar da mu Larabawa.

Ɗan Damagaram:
Ni ban ma yarda fuska kaɗai ce mutum ba. J.D. 'Okhai Ojeikere, mai hoto ɗan Najeriya, ya fara ɗaukar hoton kitson matan Najeriya a 1968, ya tara wajen dubu, da yawa ta ƙeya ya ɗauka, ba ido ba hanci, amma kana jin akwai mutum a wurin. Samuel Fosso kuma ya buɗe shagon hoto a Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, a 1975 yana ɗan shekara 13. In ya tashi aiki sai ya ƙarasa ragowar fim a kansa, ya ci ado, ya aika wa kakarsa a Najeriya. Daga baya, a 2008, ya shiga kamannin su Mandela da Malcolm X. Ya sauya kama iya sauyawa, sai dai shi ya zaɓa, ba wani ya zaɓa masa yana zaune a benci yana jira ba.

Mai Hoto na Tudun Wada:
Na gode ƙwarai. Maman Iman, kin faɗi gaskiya, ko kallon tsohuwar ban yi ba da ake maganar gyara. Jiya na sake wanke na asalin, haske kawai na daidaita, na kai mata har gida. Ta sa yatsa ta bi tsagar ɗaya bayan ɗaya, ta ce irin ta mahaifinta ce, ta tura hoton ƙarƙashin filo. Jikar kuma ta ce ita dai na farkon za ta ɗora a Instagram, kada ma in kuskura in goge shi.